Wanda Ya Buɗe wa Baba Ƙofa

Ƙarfe goma saura kwata Iya ta sauko daga rufin bene da bokitin shanya a hannu, ta tarar da ƙofar gida mai lamba tara a wangale. Kujerar Baba babu kowa a kanta, takalmansa na fita ba sa nan, rediyonsa na ta surutu ita kaɗai. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa bayi, sannan ta saki bokitin ta kurma ihu.

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne, shekararsa saba'in da takwas. Shekara biyu ke nan mantuwa ta kama shi. Sau biyu yana ficewa ya ɓace, na biyun a bakin babban titi aka tsinto shi. Shi ya sa 'yarsa, wadda take nas a asibiti, kowa yana ce mata Sista, ta sa aka haɗa mata abu uku: makulli mai aiki da waya wanda ba ya buɗuwa ta ciki, kyamara a falo, da agogon hannu mai nuna inda mutum yake. Ta kuma ɗauki Iya, wata dattijuwa, ta riƙa zama da shi da rana.

Kafin sha ɗaya mutanen benen sun cika matattakala. 'Yan sanda sun zo, sun rubuta kamanninsa, sun tafi cigiya. Bakin kowa a kan Iya yake.

"Ƙofar ƙarfe ba ta da hannu," in ji telan da ke ƙasa. "Wanda aka bar wa gida shi za a tambaya."

Baffa, ƙanen Baba, dillalin filaye ne mai faffaɗar murya. Shi ma yana tsaye a nan yana kaɗa makullin mota.

"Wata uku rabona da gidan nan, sai yau da aka kira ni," in ji shi. "Amma tun ranar da na fara ganin matar nan hankalina bai kwanta da ita ba. A miƙa ta ga hukuma, za ta yi bayani."

*

Sha ɗaya da minti ashirin Bi-Sawu ta iso. Mace ce 'yar shekara arba'in da ɗoriya, gajera, marar yawan gaisuwa. Ta daɗe tana aiki a kamfanin sadarwa kafin ta kama rumfa a kasuwar waya, inda take gano wa mutane wayoyin da aka sace. A can aka raɗa mata sunan. Wata abokiyar aikin Sista ce ta kira ta.

Ta tarar da Sista a falo da kayan aiki a jikinta, hannunta ɗaya riƙe da gefen rigar Baffa kamar ƙaramar yarinya.

"Anti, ba ɓatan ne kawai ba," in ji Sista. "Yana da ciwon suga. Da safe na yi masa allura kafin in fita. In ƙarfe ɗaya ta yi bai sa wani abu a ciki ba, sugansa zai faɗi. Shi kuma ba zai iya cewa yunwa yake ji ba, bai ma san sunan abin ba yanzu."

"Bari in zaga tashar jirgi in duba," in ji Baffa, yana ƙoƙarin zare rigarsa.

"Auta ya tafi can," in ji Sista, tana nufin ƙanenta. "Baffa, don Allah kada ka bar ni. Kai kaɗai ne babba a nan."

Ya koma ya zauna.

Bi-Sawu ta karɓi wayar Sista ta buɗe manhajar makullin. Komai a rubuce yake. Tara da minti talatin da ɗaya an kashe kyamara. Tara da talatin da huɗu an buɗe ƙofa. Wanda ya yi: mai gida.

"Mai gida ke ce," in ji Bi-Sawu.

"Wallahi ina ɗakin tiyata lokacin, wayata na kulle a loka."

"Na yarda. Ke kina ganin wayarki ce ke magana da ƙofar nan kai tsaye. Ba haka ba ne. Wayarki tana aika saƙo can kwamfutar kamfanin, ta yiwu a wata ƙasa take. Ita ce ke juyo da saƙon zuwa wancan ɗan farin akwatin intanet da ke kan kanta, shi kuma ya ce wa ƙofa ta buɗe. Kwamfutar nan ba ta san fuskarki ba, ba ta san muryarki ba. Lambar wayarki da kalmar sirri kawai ta sani. Duk wanda ya ba ta su, a wurinta ke ce. Wa ya san kalmar?"

"Ni, da Injiniyan da ya haɗa, da ƙanena Auta."

"Iya fa?"

"Ita lamba huɗu take dannawa a jikin ƙofar. Da ita ce, da sunanta zai fito."

"Agogon?"

"Tun tara da talatin da takwas ya yi shiru. Wurin ƙarshe da ya nuna, nan cikin benen ne."

*

Iya tana kicin a ƙasa, ta jingina da firij, idanunta sun kumbura. Wayarta ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba.

"Iya, me ya kai ki sama?"

"Shanya, 'yata. Kullum tara da rabi nake hawa, in ya gama shan magani ya kama rediyo. Kwata nake yi in sauko. Ban taɓa wuce haka ba."

"Wa kika taɓa gaya wa?"

"Wa zan gaya wa? Ai ba sai na faɗa ba, tunda ana kallona."

Bi-Sawu ta tsugunna. "Wa ke kallonki?"

Iya ta dubi Sista da ke bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. "Wannan idon na falo. In na tashi sai ya juyo ya bi ni, in na zauna ya tsaya. Sati uku ke nan. Na ce a raina yarinyar nan ta daina yarda da ni, tana tsammanin ina ɗaukar mata wani abu. Na haɗiye, ban ce komai ba. Ina zan je in na bar nan?"

Sista ta dafa bango. "Iya, ban taɓa juya kyamarar nan ba. A wurin aiki ko waya ba a bari mu riƙe."

Sati uku wani yana zaune a wani wuri yana kallon falon nan: lokacin da ake yi wa tsoho allura, lokacin da ake canza masa riga, lokacin da aka bar shi shi kaɗai.

*

Injiniya ya iso sha biyu saura minti biyar, gumi ya jiƙa masa riga. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa, abin da ya sa telan ya ce a tare matattakala kada ya gudu.

"Kana ajiye kalmomin sirrin mutanen da ka yi wa aiki?" in ji Bi-Sawu.

Ya share gumi. Sannan ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu. Gida sun fi arba'in a ciki, kowanne da adireshinsa da kalmarsa.

"Don in an kira ni gyara ne," in ji shi. "Mutane mantuwa gare su."

"Kana yawo da makullan gida arba'in a aljihun wando. In ya faɗi a mota fa?"

"Bai taɓa faɗuwa ba, Anti."

"In aka shiga manhajar nan da sabuwar waya, tana turo wa mai ita saƙon tabbatarwa?"

"Wannan samfurin ba ya yi. Na gaya mata akwai mai yi, ta ce wannan ma ya isa. Kuma na ce ta canza kalmar in na tafi."

"Ban canza ba," in ji Sista a hankali. "Sunan mahaifiyarmu ne da shekarar da ta rasu. Ba na so in manta."

Bi-Sawu ta koma kan Injiniya. "Ina kake ƙarfe tara da rabi?"

"A kan tsani, a wata makaranta, tun takwas. Ga lambar shugabar, ki kira."

Ta kira. Shugabar ta ce da kanta ta riƙe masa tsanin, kuma wayarsa tana ofishinta tana caji har sha ɗaya. Bi-Sawu ta kashe wayar. Rabin awa ta tafi a banza.

*

Sha biyu da rabi Auta ya dawo daga tasha, muryarsa ta dishe saboda kiran suna. Saurayi ne dogo, shekara talatin, kamanninsa sak na tsohon. Ya girgiza kai tun daga nesa.

Baffa ya gyara murya. "Ni dai ba na son in faɗa. Amma wa ya ce wata rana sai ya ɓalle ƙofar nan ya fitar da ubansa? Sista, ba ke kika karanta min saƙon a waya ba, kina kuka?"

Auta ya tsaya cak. "Yaya, har Baffa kika kai wa?"

"Ka rubuta ko ba ka rubuta ba?" in ji Bi-Sawu.

"Na rubuta. Mutumin da ya ja jirgi shekara talatin an kulle shi kamar akuya, an ɗaura masa agogo irin na fursuna. Har gobe ina kan bakana. Amma da zan fitar da shi, a gabanta zan yi, in riƙe hannunsa."

"Ina kake tara da rabi?"

"Wurin aiki."

"In kira su?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun sallame ni tun watan jiya. Kullum nakan yi shiri in fita don kada a sani. Lambu nake zuwa in zauna."

"Wa ya gan ka?"

"Babu."

Sista ta taso ta kama kwalar rigarsa da hannu biyu. "Auta, in kai ne, na yafe, wallahi na yafe. Ka faɗa min inda yake kawai. Saura minti ashirin."

Hawaye ya zubo masa. "Yaya, ni kike tambaya?"

Baffa ya sake miƙewa. "Ku dai ku ji da shi. Ni bari in bi ta bayan kasuwa da mota."

"Zauna, Baffa," in ji Sista, ba ta ko waiwayo ba. "In an kira, motarka za mu shiga."

*

Ɗaya ta wuce da minti biyar mai gadin benen ya hau da gudu, yana riƙe da wani abu a tafin hannu. A cikin tukunyar fure ya gan shi, a ƙasan matattakalar baya, wadda ke fita wurin ajiye motoci. Da safe yana can yana fama da injin ruwa, bai ga wanda ya bi ta nan ba.

Agogon Baba ne. An danna shi ya mutu, igiyarsa kuma an datse ta tsaf, yanka ɗaya.

Bi-Sawu ta juya shi a hannunta. "Baba zai iya wannan?"

"Ko cokali rawa yake masa a hannu," in ji Sista. "Kuma duk wani abu mai kaifi a kulle yake."

Tun zuwanta Bi-Sawu take neman mutumin da ya buɗe ƙofa daga nesa ya bar tsoho ya fice. Ashe mutumin ya zo da ƙafarsa, ya tsaya kusa da Baba har ya kama hannunsa. Ta ɗaga kai ta dubi farin akwatin intanet ɗin da ke kan kantar falo, fitilunsa na ta ƙiftawa. Sai ta ja kujera ta hau, ta juya bayansa. Kalmar shiga cikin akwatin kansa, wadda kamfani ya liƙa a jiki, daban take da ta intanet, kuma ba wanda ya taɓa canza ta. Ta buɗe kwamfutarta ta shiga.

Ta ɗan jima tana karatu. Sannan ta ce wa mai gadi ya rufe ƙofa, kada kowa ya fita.

*

Mutum shida ne a falon ban da ita: Sista, Auta, Iya, Injiniya, Baffa, da mai gadi a jikin ƙofa.

"Ba zan ja magana ba, ba mu da lokaci," in ji Bi-Sawu. "Duk wayar da ta taɓa shiga intanet ɗin gidan nan ba ta mantawa. In ta sake zuwa kusa, ko tana cikin aljihu, da kanta take gaida akwatin nan, shi kuma ya rubuta lambarta da lokacin da ta zo. Mai ita ba ya ji, ba ya gani. Yau da safe wata waya ta gaida shi tara da talatin da uku, ta tafi tara da talatin da tara. Ba ta Sista ba ce. Ba ta Iya ba ce, tata ba ta ma shiga intanet. Kuma yanzu haka tana cikin ɗakin nan."

Ta juyo da fuskar kwamfutar. Layi huɗu ne kore, ɗaya ta yi masa alama.

"Kowa zai kashe wayarsa, ɗaya bayan ɗaya. Auta, fara."

Ya kashe. Suka zuba ido. Bayan ɗan lokaci layi ɗaya ya dusashe, ba mai alamar ba. Sista ta rufe baki da hannu ta dubi ƙanenta, ya kau da kai.

Injiniya ya kashe tasa. Wani layin ya tafi. Mai alamar yana nan. Sista ta kashe tata. Saura layi ɗaya.

"Baffa."

Ya yi dariya. "Ni 'yar nan, ban da kira da amsawa me na sani a waya? Ko saƙo sai an karanta min."

"To kashewa ai ba wuya. Ko in taya ka?"

"Wannan rainin wayo ne. Ni za a tsare a gidan yayana kamar ɓarawo?"

Auta ya miƙa hannu ya zare wayar daga aljihun gaban rigar Baffa, ya danna har ta mutu. Layin ya yi ɗan jim, sannan ya dusashe.

"Wata uku rabonka da gidan nan, ka ce," in ji Bi-Sawu.

Sista tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. "Ranar da ka zo dubiya. Ka ce in ba ka kalmar intanet za ka nuna wa Baba hoton jikokinka. Ni na faɗa maka da bakina, har ka ce Allah ya ji ƙan mahaifiyarmu." Ta juya ga Bi-Sawu. "Kalma ɗaya na sa wa komai. Intanet, ƙofa, kyamara, duk ita ce."

"Na'ura tana ƙarya," in ji Baffa, amma muryar ta yi ƙasa.

Sista ba ta yi ihu ba. Ta zube a gabansa a kan gwiwoyinta, ta kama ƙafarsa. "Baffa, ɗaya da rabi ta yi. Ba na tambayarka dalili. Nono ɗaya kuka sha. Yana ina?"

Gumi ya karyo masa. Ya dubi ƙofa, ya dubi mai gadi, sannan ya sulale a kan kujera.

"Yana ofishina, ɗakin baya. Filin nan na bakin sabon titi, da sunansa yake, shi kuwa bai ma san yana da shi ba. Dangwalen yatsansa ɗaya kawai nake so a takarda. Na yi niyyar in leƙo nan a gan ni, in koma kafin sha biyu in ce a tasha na tsince shi. Ke ce kika riƙe ni."

"Ka ji tana cewa zai mutu, ka zauna?" in ji Auta.

"Na ɗauka tsoro ne irin na ma'aikatan asibiti. Na bar masa ruwa."

Bi-Sawu ta fizge makullin motar daga hannunsa ta jefa wa Auta. "Mai gadi, kira 'yan sanda, kada ya motsa. Iya, akwai zuma a gidan nan?"

Iya ta riga ta miƙe, kwalbar na hannunta.

*

Tafiyar minti ashirin ce, Auta ya yi ta a minti sha biyu. Bi-Sawu ta kira motar asibiti a hanya. Ofishin shago ne a jerin shaguna, da kwaɗo a ƙofar ɗakin baya. Makulli na uku a cikin waɗanda ke haɗe da na motar ya buɗe shi.

Ɗakin ba taga, cike da taswirori a naɗe. Baba ya zame daga kujera, yana kwance a gefensa a kan siminti. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, jikinsa sanyi ƙalau, leɓensa na motsi ba sauti. Robar ruwan tana kan tebur, ko buɗe ta ba a yi ba.

Sista ta tallabo kansa, ta lakaci zuma da yatsa tana shafa masa a dasashi da cikin kumatu. "Baba. Baba, ni ce. Tsotsa." Ta sake lakata. Auta yana durƙushe yana murza masa ƙafa, yana kiran sunan Allah. Minti biyar ba alama. Ta taɓa wuyansa, ta ci gaba da shafawa, hawayenta na ɗiga a goshinsa. Can maƙogwaronsa ya motsa. Ya haɗiya, ya sake haɗiya, ya buɗe ido a hankali.

Auta ya kifa kai a bango yana kuka kamar yaro.

Sista ta kamo hannun Baba na dama za ta sumbata, sai ta ga babban yatsansa shuɗi da tawada har gindin farce. Ta jawo gefen mayafinta, ta jiƙa shi da ruwan robar.

"Kada ki goge," in ji Bi-Sawu. Ta ɗauki hoton yatsan, ta ɗauki na takardar filin da ta samu cikin aljihun tebur. "Sai hukuma ta gani da idonta."

Sista ta saki mayafin. Ta rufe yatsan a cikin tafin hannunta don kada ta riƙa ganinsa.

Jiniyar motar asibiti ta fara jiyowa daga bakin titi. Baba ya dubi rufin ɗakin, ya dubi fuskokin da ke kansa ɗaya bayan ɗaya, yana neman wata.

"Ina ƙanena?" in ji shi. "Ya ce in jira shi a nan, zai kai ni in ga jirgi."

Da masu ɗaukar marasa lafiya suka shigo za su ɗaga shi, sai ya riƙe ƙafar tebur da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ku dakata mana. In ya dawo bai same ni ba, hankalinsa zai tashi."